Tabarmar da Saudatu Ta Hana a Ƙone

Waɗanda suka san Saudatu a ƙarshen rayuwarta, tsohuwa mai ɗan ranƙwafawa da ke zama a inuwar katangarta tana kaɗa auduga, kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa ta taɓa zuwa gab da shiga turu. Turu kuwa, ga wanda bai riski zamanin ba, gungumen itace ne mai rami, wanda ake zura ƙafar mai taɓin hankali a ciki a datse, ya zauna wuri guda har Allah Ya yi ikonSa. Yadda aka yi ta kusa shigarsa da yadda ta kuɓuta shi ne abin da ya cancanci a rubuta game da ita, domin sauran kwanakinta sun tafi ne kamar na kowace mace a Kontagora: aure, haihuwa, takaba, sai neman abin da za a sa a tukunya.

Kakanninta Katsinawa ne, fatake, waɗanda suka biyo hanyar goro suka yada zango a garin, ba su ƙara gaba ba. Ta auri wani marini mai suna Mahmudu, ta haifa masa ɗa namiji aka raɗa masa Lukuman. Biyun da suka biyo bayansa ba su zauna ba. Shi kuwa Lukuman, da yake ɗan fari ne, sai al'ada ta shiga tsakaninsa da mahaifiyarsa tun ranar suna. Ba ta ambaton sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga Hajja, mahaifiyar Mahmudu, a can ya girma. Ya tashi yana kiran uwarsa Saude, kamar yadda ya ji kakarsa na kira. Ita kuma in ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce "na Hajja".

Bai kamata mai karatu ya yi saurin hukunta wannan al'ada ba. Magabata ba su kafa ta don su rage ƙauna ba. Sun lura ne cewa mace in ta fara haihuwa takan ɗauka duniya duka ta tattaru a cinyarta, suka so ta san cewa ɗa na gida ne gaba ɗaya, kuma akwai waɗanda suka riga ta haihuwa. Murfi ne aka yi wa ƙauna don kada ta yi ambaliya a gaban manya. Sai dai duk wadda ta taɓa girki ta san abin da ke faruwa in aka danne murfi aka ci gaba da iza wuta.

Mahmudu ya rasu ana gab da samun mulkin kai. Saudatu ta gama takaba, ta ƙi komawa gidan wanta Maikuɗi mai sayar da goro, ta nemi aiki a asibiti: shara, wankin zannuwan gado, da ba da abinci ga majinyacin da hannunsa ba ya kaiwa baki. A lokacin Lukuman ya zama saurayi, gemu ya fara tsirowa, yana gyaran keke a bakin kasuwa. Akwai gajeriyar hanya daga gidanta zuwa asibiti, amma ba ta bin ta. Takan bi ta kasuwa, ta wuce shi yana tsugune ya tsoma robar cikin taya a kwanon ruwa yana neman inda ta huje. Yakan ce, "Saude, a sauka lafiya." Ba ta amsawa, ba ta dubansa. Tafiyarta ce kawai ke yin sanyi har ta wuce rumfarsa.

A asibiti ta haɗu da Nnawo, Banufiya, wadda ta riga ta fara wannan aiki. Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai tsohon wasa, kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi da abin da abokin wasa ya faɗa, kome ɗacinsa. Matan nan biyu ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba.

"Baiwata, sai yanzu?" in ji Nnawo da safe. "Rana ta ɗaga, uwargijiyarki na riƙe da tsintsiya."

"Matsa can, ƙarnin kifi ya hana ni numfashi," in ji Saudatu. "Wa ya taɓa ganin uwargijiya da faso a ƙafa?"

"Kifin nan da kike rainawa, da shi na sayi kakanki. Har gyara aka yi mini da kakarki."

Majinyata na jin su suna dariya, har mai ɗinki a ciki yana roƙon su bari don Allah.

A bazarar shekara ta biyu bayan mulkin kai sankarau ya sauka a garin. Zafin shekarar nan irin wanda ke sa mutum ya rasa gane ko a farke yake ganin duniya ne. Da rana ta ɗaga sai hanyar Yawuri ta narke ta koma ruwa, matan Kambari da ke shigowa da itace a kafaɗa su riƙa tahowa a saman kawalwalniya, ba a ganin ƙafafunsu. Ciwon yana farawa da zazzaɓi da sarawar kai, sannan wuya ya sandare, kai ya karkata baya kamar mutum na neman wani abu a sararin sama. Saurayi zai je masallaci da ƙafarsa yau, gobe a dawo daga kai shi makwancinsa.

Tsoro ya kama garin ta wuya. Mutum in ya farka, abin da zai fara yi shi ne ya sunkuyar da kai ya ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirji. A masallaci, in liman ya yi sallama, kowa na juya kai dama da hagu yana sauraron wuyansa, yana kuma satar kallon na kusa da shi ya ga ko nasa ya juyu. Wani mahauci ya kwana a karkace ya tashi da ciwon wuya, ya tara iyalinsa ya yi wasiyya, ya raba wuƙaƙensa, ya kwanta yana jiran mutuwa har yunwa ta tashe shi. Masu fura suka daina miƙa wa ma'aikatan asibiti ƙwarya hannu da hannu, sai su ajiye a ƙasa su ja da baya.

Da ɗakunan asibiti suka cika, aka kafa doguwar rumfar zana a bayan gari, wajen kogi, a ƙarƙashin wasu itatuwan ɗorawa. Aka damƙa ta ga Sista Cecilia, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Zuru. Ita ke yin allura da raba ƙwayoyi, Saudatu da Nnawo na taya ta. Mai sankarau ba ya son haske, saboda haka aka ninka zana har cikin rumfar ya yi duhu, rana ba ta shiga sai ta 'yan kafofi, siri-siri, kamar zaren da aka ja a masaƙa. A waje ɗorawa ta yi fure, jajayen tuntaye na reto ba tare da iska ba. A ciki tabarmi ne a jere, da nishi, da warin magani.

Saudatu tana da tsarin aiki wanda ba ta saɓa masa. Takan fara daga tabarmar bakin ƙofa, ta durƙusa, ta sa hannu biyu ta tallafi kan majinyaci tare da kafaɗunsa don kada wuyan ya motsa, ta jingina shi a cinyarta, ta ɗura masa kunu da ludayi ta gefen baki, ta jiƙa tsumma ta ɗora a goshi, sannan ta matsa gaba. Ba ta tsallake kowa, ba ta komawa baya. Ta ce in aka fara zaɓe, wanda ba shi da kowa shi zai mutu da ƙishirwa. Sista kuma ta kafa doka guda: duk wanda ya cika, a fitar da tabarmarsa a ƙone.

Ita kanta Sista aikin ya fara cin ta. Tana wanke hannu da ruwan magani har fatar ta tsattsage, in ta gama ta koma ta sake. In ta gaisa da mai lafiya, hannunta kan kai kansa bayan wuyan mutum ba tare da ta sani ba. Ba wanda ya tambaye ta yadda take ji, domin a ganin jama'a mai farin kaya ba ya ciwo.

Ana cikin haka aka kawo Lukuman. Abokan sana'arsa ne suka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, Hajja na biye da su ba mayafi. Wuri ɗaya ya rage, can ƙarshen rumfa, nan aka shimfiɗa shi. Sista ta yi masa allura, ta ja Saudatu gefe.

"Saudatu, ajiye ludayin nan ki je ki zauna wurinsa. Nnawo za ta yi sauran."

"Hajja na wurinsa, Sista."

"Ɗanki ne fa."

Saudatu ta dubi ƙasa. "Zan iso shi in layi ya kai."

Ta koma bakin ƙofa ta fara kamar kullum, tabarma bayan tabarma. Rana ta yi tsaka kafin ta iso shi. Ta ɗora kansa a cinyarta, karo na farko tun yaye, ta ɗura masa kunu. Hajja na zaune, da wasu mata 'yan jinya, idanu duk a kanta. Ya buɗe ido cikin zafin zazzaɓi, ya dube ta, ya ce, "Inna." Bai taɓa kiranta haka ba. Nnawo, wadda ke durƙushe a tabarmar kusa, ta ga leɓɓan Saudatu sun motsa. Amma abin da ya fito shi ne, "Hajja, ga naki yana magana." Ta sauke kansa a hankali, ta gyara tsumman goshinsa, ta tashi ta tafi wanke ƙwarya. Kashegari da hantsi ya cika.

A zaman makoki ita ce mai kai wa baƙi ruwa, idonta a bushe ƙamas. Hajja na birgima ana riƙe ta, Saudatu na amsa gaisuwa da murya daidai. Mata suka fita suna cewa ba su taɓa ganin mai kunya da tawakkali irinta ba. Maikuɗi ya ce a zaure, "Jinin Katsina ke nan. Kunya gare mu." Ana gama addu'ar uku ta ɗaura ɗankwali ta koma rumfa, aka ƙara yaba mata.

A nan kuskuren yake, kuma na gari ne gaba ɗaya. Haƙuri abu ne da ake ba wanda ya nuna ciwonsa, kamar yadda ake ɗora magani a kan raunin da aka buɗe. Mutanen nan sun ga mace ba ta yi kuka ba suka kira abin tawakkali, alhali ba su bincika ba ko ta miƙa lamarin ga Allah ne, ko kuwa lamarin ne bai iso gare ta ba tukuna. Waɗannan biyu daga nesa suna kama da juna, amma ɗaya lafiya ce, ɗaya ciwo. Addini bai hana uwa hawaye ba. Al'ada kuma ba ta yi tanadin ranar da uwa za ta zama ita ce mai jinyar ɗan farinta a gaban surukarta ba. Yabon da aka yi mata ya zama dutsen da aka ɗora a kan murfin.

Tabarmar Lukuman ba ta shiga wuta ba. Cikin ruɗanin ranar an manta da ita a jingine a bayan rumfa. Saudatu na dawowa ta ɗauko ta, ta shimfiɗa a inda take. Da aka kawo sabon majinyaci za a kwantar a wurin, sai ta tare. "Akwai mutum a nan." Sista ta ɗauka abin na kwana ɗaya ne, ta ƙyale. Amma kullum in layi ya kai ƙarshe, sai Saudatu ta durƙusa a gaban tabarmar, ta tallafi iska da hannu biyu, ta kai ludayi inda baki zai kasance. Kunu ya zube, tururuwa ta yi layi. Ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa a kan kaba, ta zauna.

Abin da take gani a wannan zama ta ba da labarinsa daga baya, bayan ta tsufa, cikin natsuwa kamar mai ba da labarin wani gari da ta taɓa kwana a ciki. Ta ce zaren hasken nan da ke saukowa daga zana yakan yi kauri a hankali, ya yi laushi, har ya zama ruwa. Kogi ya shigo rumfar ba ƙara, ya ɗauki tabarmi ɗaya bayan ɗaya, majinyata na kwance a kai suna tafiya kamar ƙorai, fuskokinsu a sama, ba mai nishi kuma. Furannin ɗorawa na faɗowa suna iyo a tsakaninsu. Ruwan ba sanyi, ba ɗumi. Can gaba sai ta hango ɗan nata a kan keke yana tafiya a bisa ruwan, ƙafafun keken na juyawa ba sa jiƙewa, rigarsa mai tabon baƙin mai ta cika da iska. Bayansa kawai take gani. Ta san wuyansa ba ya juyuwa, in ba a kira shi da ƙarfi ba ba zai tsaya ba. Takan buɗe baki ta ce, "Na Hajja." Keken ya ci gaba. Ta laluba ta nemi ɗaya sunan, ta ji shi can ƙasan harshe kamar ƙwallon da ya maƙale, ba ya fita, ba ya haɗiyuwa. Sai ya yi nisa ya zama ɗigo, ruwan ya janye, ta ga kanta a durƙushe, kunu ya huce.

Daga nan abin ya biyo ta waje. In mai keke ya wuce ta a hanya, sai ta tsaya cik tana kallon bayansa har ya ɓace. Ta daina cin abinci sai an tuna mata. Nnawo kuwa, don ganin girman abin, ta daina tsokanarta tun ranar rasuwar. Sai "sannu, Saudatu", sai "ya haƙuri, Saudatu", kamar baƙuwa.

Gari, wanda tsoro ya riga ya jiƙa, ya karɓi labarin hannu bibbiyu. Aka ce iskar kogi ce ta shige ta. Aka ce waɗanda suka mutu a rumfar ba su tafi ba, ita ke ciyar da su. Bakin da ya yabe ta shi ya koma tofa addu'a in ta gifta. Wata mata ta zo ta ɗauke mijinta bai gama karɓar allurai ba, ta ce gara ya mutu a ɗakinsa da ya mutu a hannun mai ciyar da fatalwa. Wasu kuma suka fara ɓoye marasa lafiyarsu a gida. Wannan ne ya tilasta wa Sista ta aika a kira Maikuɗi.

"Malam Maikuɗi, hutu take bukata. Ka kai ta gida ta kwanta, a riƙa zama da ita."

"A gida wa zai tsare ta, Sista? Shekaranjiya masu wanki suka fito da ita daga zurfin nan da ya rage a kogi, ruwa har ƙugu, tana miƙa hannu gaba. Ni ba zan jira a kawo mini gawarta ba. Akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Kumbashi, an ce hannunsa na da kyau."

"Wanda ke sa mutane a turu?"

"Turun ai don kada su cuci kansu ne." Ya share gumi da hannun riga. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Sista, ba don ƙi ba ne. Ranar Juma'a in an sauko akwai motar da za ta bi ta can."

Sista ita ma ba ta san wani wurin da za a kai ta ba. Nnawo kuwa tana bayan zana tana matse tsumma, ta ji kome. Ba ta san sunan ciwon ba, ba ta kuma da maganinsa. Abu ɗaya ta lura da shi: tun ranar rasuwar ba wanda ya yi wa Saudatu magana da muryarsa ta gaskiya, har ita kanta.

Ranar Juma'a da hantsi Saudatu ta bi layinta, ta iso ƙarshen rumfa da ƙwarya a hannu, ta tarar da Nnawo zaune daram a tsakiyar tabarmar, ta miƙe ƙafafu.

"Tashi. Akwai mutum."

"Wane mutum? Ni ban ga kowa ba sai tururuwa, su ma sun ƙoshi."

"Tashi, Nnawo."

"Uwargijiya za ki ce, marar tarbiyya. Bin kadin kayana na zo. An ce wani bawana ya kwanta a nan, ku Katsinawa kuka ɗauke kuka binne, ko gaisuwa ba wanda ya zo ya yi mini. Ɓarayi. To, bayina yawa gare su, ban san wanne ba ne. Faɗa mini sunansa."

'Yan jinya suka juyo gaba ɗaya. Wasa da gawar tsoho an saba da shi, jikoki ma suna yi. Wasa da gawar saurayi kuwa ba wanda ya taɓa ji. Wata dattijuwa ta ce, "A'uzubillahi."

"Na Hajja ne," in ji Saudatu, muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Hajja na da akuya, tana da buta, tana da ciwon gwiwa. Wanne daga ciki?"

"Nnawo, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Hajja ce ta yi naƙudarsa? Ina durƙushe a tabarmar can ranar da ya yi kira, kunnena kuma ba kifi a ciki. Ban ji ya ce Hajja ba."

Ludayin ya sauka a goshin Nnawo ya rabe biyu. Kunu da jini suka gangaro tare. Sista ta taso da gudu, Nnawo ta ɗaga mata hannu.

"Bar ta, Sista. Baiwa ta doki uwargijiya, ai dama duniya ta zo ƙarshe." Ta kama zanen Saudatu ta jawo ta ƙasa. Ba ta sassauta ba. "An ce kunya gare ku. To ni Banufiya ce, ba a raba da ni ba. Tunda bakinki ya ƙi, ga nawa aro." Ta juya ga duhun rumfar, ta ɗaga murya yadda ake kiran mai fito daga wancan ƙetaren kogin Kwara. "Lukuman! Lukuman ɗan Saudatu!"

Saudatu ta toshe kunnuwa. Nnawo ta sake kira. A labarin da Saudatu ta bayar, ruwan ya riga ya shigo a lokacin, keken ya yi nisa, sai ta ga ya rage gudu. Bai waiwayo ba, don ba zai iya ba. Keken ne gaba ɗaya ya karkato, a hankali, ya yi babban zagaye a kan ruwan, furannin ɗorawa na darewa a gabansa, har fuskar ta fuskance ta. Ta ga bakinsa ya motsa. Abin da mutanen rumfa suka gani kuwa shi ne ta sauke hannuwanta ta ce, "Na'am." Ta sake cewa, "Na'am, Lukuman." Sannan kukan ya zo, irin wanda ba ido kaɗai ke yin sa ba, ta kifa a jikin Nnawo, aka ji ta har wurin masu wanki. Sista Cecilia ta tsaya da kwanon allura a hannu, hawaye na zuba ba ta share ba. Wasu 'yan jinya da suka binne nasu kwanan nan suka kama, rumfar duka ta ɗauka.

Da kukan ya lafa, Saudatu ta naɗe tabarmar da kanta, ta kai inda ake ƙonawa, ta tsaya har wuta ta cinye ta.

Bayan an sauko daga masallaci Maikuɗi ya zo. Ya bar mota na jira a bakin hanya, a aljihun babbar rigarsa akwai igiyar da yake fatan ba zai fito da ita ba. Ya tarar da ƙanwarsa na barci a gindin ɗorawa, kanta a cinyar Nnawo, idanu a kumbure. Nnawo da tsumma ɗaure a goshi tana kore mata ƙuda.

"Ga wani bawan nawa," in ji Nnawo. "Taka a hankali, kada ka tashe ta."

"Yau ba ranar wasa ba ce, Nnawo."

"Kun daɗe ba ku yi wasan ba, ga inda ya kai ku. Igiya na leƙowa daga aljihunka."

Ya tura igiyar ciki. Ya tsuguna nesa kaɗan ya jira, direba na ta danna hon, har ta buɗe ido.

"Saude, kin san ni?"

"Yaya Maikuɗi."

"Wa ke kwance a ƙarshen rumfar can?"

Ta dubi rumfar. "Ba kowa, Yaya. Ɗana ne, ya rasu."

Bai taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba. Ya kau da kai wajen kogi, sannan ya tashi ya tafi bakin hanya ya sallami direba.

Ba za a ce ta warke a ranar ba. Sista ta mayar da ita wankin zannuwa tare da Nnawo, inda akwai jama'a da hira, Maikuɗi kuma ya sa matarsa ta riƙa kwana da ita. Akwai ranakun da takan tsaya da sabulu a hannu tana kallon abin da ba kowa ke gani ba, sai Nnawo ta watsa mata ruwa ta bi ta da zagi. Da ruwan farko ya sauka ciwon ya janye daga garin, kamar yadda ya saba, aka kwance rumfar.

Hajja ba ta sake amsa gaisuwar Nnawo ba har ta koma ga Allah, kuma tana da hujjarta. Abin da Nnawo ta yi, in aka auna shi da ma'aunin ladabi, mummuna ne, ba kuma abin da za a ce kowa ya kwaikwaya ba ne. Amma wajibi ne a lura cewa al'adar da ta ɗaure bakin Saudatu ita ce kuma ta tanadi mutum guda a garin wanda aka yarje wa ya faɗi abin da ba a faɗa. Wanda ya fi cancantar tuhuma shi ne mai yabon da bai tsaya ya duba ba. Sista Cecilia ba ta da abokin wasa a Kontagora. Kowa na girmama ta, ba mai zaginta, ba mai tambayarta. Damina na tsakiya ta nemi hutu ta tafi gida, hannuwanta naɗe da bandeji, ba ta dawo ba. An ce ta bar aikin jinya.

Saudatu ta koma ɗakin majinyata, ta yi aiki har shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, lokacin da gwiwa ta hana ta durƙuso. A shekarun nan ta ƙara abu ɗaya a aikinta wanda ba wanda ya sa ta. In aka kawo yaro ko saurayi jiki ya tsananta, ta ga wata mace a tsaye can baya tana kallon bango, ba ta tambayi kowa kome ba, sai ta gane ta. Takan aiki kakar ɗebo ruwa, ta aiki gwaggon neman gawayi, ta ce wa sauran an hana taro. In ɗaki ya rage daga uwa sai ɗanta, sai ta fito ta saki labule, ta zauna a bakin ƙofa tana gyaran tsintsiya, ta hana kowa shiga.